Muryar Hanne Tana Cikin Jakarki

Tudun Kaya, ranar Laraba bayan azahar

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin yi salla, kin ci abinci na kirki, ba shayi da burodi ba. Allah ya tsare mini ke a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen arziki, ya kau da idon mugu daga kanki. Na cusa takardar a ƙarƙashin ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli, don na san nan hannunki zai fara zuwa. Bokon nawa na firamare ne da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, in kin ga harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Na so in zaunar da ke in faɗa miki wannan da baki, amma na san halina. Ko dai in fashe da kuka ko in fashe da dariya, maganar ta watse.

Ummi, na ji daɗi. Tun ranar da aka fita da Babanku gidan nan bai ƙara jin guɗa ba sai ranar da saƙon ƙarin girmanki ya shigo. Kin ga yadda Hanne maƙwabciyarmu ta shigo da gudu, hannunta duk ƙullun koko, ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Da Malam yana nan, da ya ɗauki buta ya fita zaure wai zai yi alwala, don kada mu ga idonsa. Allah ya jiƙansa, ya kai masa ladan tarbiyyarku.

Ga yadda na fahimci aikin naki, in na yi kuskure ki gyara mini. Ke da Malama Bilki, abokiyar aikinki, kun zaga Tudun Kaya da Turawa har Falgore, kuna ɗaukar muryar mata suna ba da labarin ciki da haihuwa da ɓari, da abin da ke samunsu a ɗaki da kan hanyar asibiti, don a san inda za a gyara. Yanzu an ɗora ki a kan waɗannan muryoyi. Za ki zauna a ofis a Kano ki riƙa tura su ta intanet ga ma'aikatan da ke zaune a gidajensu, wasu a Katsina, wasu a Kaduna, wasu a nan kusa, a Rogo, su saurara su rubuta. Yawancinsu ba ki taɓa ganin fuskarsu ba. To nan ne zuciyata ta tsaya. Matan nan ba don takardar ofishinku suka buɗe baki ba. Ni na bi su gida gida da mayafina na ce su yarda, 'yata ce, abin da suka faɗa ba zai dawo musu ta bakin kowa ba. Wannan alkawari nawa shi ne a cikin kwamfutar da ke jakarki.

Bari in ba ki labarin da kika sha tambaya muna hana ki: dalilin da ya sa ake kiran Babanku Mai Miya.

Muna sabon aure, da aka gama kaka aka ɗaure gyaɗa, ya tafi ci-rani Ibadan. A lokacin ba waya. Wanda ya iya rubutu ya rubuta, wanda bai iya ba ya ɗauki magana a kaset ya ba direba. Ni na iya rubutun, amma abin da ke raina ba na takarda ba ne. Na ari rikoda, na rufe ɗaki, na toshe taga da zane. Ba ni da sabon kaset, sai wani tsoho na wa'azi. Sai wata dabara ta zo mini, har ina yaba wa kaina: zan bar farkon wa'azin yadda yake, in ɗora maganata daga tsakiya. Duk wanda ya duba bayansa zai ga an rubuta wa'azi, duk wanda ya ɗan kunna zai ji malam. Wa zai gane?

Na ba surukata, wadda kika ci sunanta, ita kuma ta ba Sale Direba, mai bas ɗin da ke kwasar 'yan ci-rani daga tashar Karaye. Ya ce, "Inna, mene ne a ciki?" Ta ce, "Wa'azi ne, ka kai wa yaron nan." Ita ma iyakar abin da ta sani ke nan.

Sauran labarin daga bakin Babanku na ji, shi ma daga bakin mutum goma. Mota cike da mazan garin nan da na Turawa, har da taubasansa. Sun wuce Rogo sun miƙi hanyar Zariya, sai Sale ya ce, "Jama'a, ga doguwar tafiya, ga wa'azi a hannu, ai sai mu samu lada." Ya saka. Mai wa'azin na tsakiyar bayanin ranar hisabi, kowa ya yi tsit, sai aka ji ƙarar dannawa, aka ji tari, sai ga muryata a hankali: "Malam, kana ji na?"

Motar gaba ɗaya ta amsa, "Muna ji!"

Wani ya ce, "Kai, wannan ai matar wane ce," ya faɗi sunan Babanku. Wani tsoho a gaba, Baba Ɗanjuma, ya ce, "Sale, ka ji tsoron Allah ka kashe abin nan." Daidai lokacin ina cewa akuya ta haifi biyu amma ta kasa tashi. Sai tsohon ya riƙe hannun Sale ya ce, "To dakata tukuna, mu ji ko ta tashi." Haka suka saurare ni har ƙarshe. Suka ji na ce ban wanke tsohuwar hularsa ba, tana nan a rataye. Suka ji na ce tun da ya tafi, duk miyar da na kaɗa lami take yi a bakina.

Kafin kaset ya isa hannunsa, maganar ta riga shi. Suna sauka, tun daga nesa taubasai ke ɗaga murya: "Malam, koma gida, miya ta lalace!" Sunan ya bi shi har kabari. Da ya dawo da bazara na ƙi haɗa ido da shi, kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ajiye kayansa ya ce, "To, a zubo miyar mu ji ko ta gyaru." Kin san da aka yi rasuwar, Sale ya zo da sandarsa, ya tsufa tukuf, ya zauna a zaure ya aiko a ce mini Mai Miya ya riga mu, Allah ya haɗa mu da shi inda miya ba ta lami. Wannan ce dariyar farko da na yi a cikin takaba, hawaye na zuba ina yi.

To kin ji. Rubuta wa'azi a bayan kaset ba kulle ba ne. Na ga kina sauya wa fayil suna, kina sa masa lamba a maimakon sunan mace. Yana da kyau, amma wannan ɓoyo ne irin nawa. Ki sa masa kulle na gaske, irin wanda kika nuna mini, da ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri. Kuma kada ki haɗa kwaɗo da makulli a ƙulli ɗaya. In kin tura kayan ta wata hanya, ki kira mai shi ki faɗa masa kalmar ta wata. Sannan ki san direban da kike ba saƙo. Ofishinku ya ba ku hanyar da za ku riƙa turawa, kin ce tana da nauyi, tana cin data, wani lokaci sabis ya ƙi. Ki haƙura da ita. Kada gaggawa ta sa ki jefa muryar mace cikin guruf don ya fi sauƙi. Guruf ai motar Sale ce, mutum ɗaya kike nufi, mota guda ke ji.

Amma labarin yana da sauran da ba na dariya ba. A cikin kaset ɗin nan ba maganata kaɗai na faɗa ba. Na ce masa Hanne tana da ciki, bayan ɓarin da ta yi ta yi, ni kaɗai ta gaya wa, ko surukarta ba ta sani ba, kada ya faɗa wa kowa. Yayan mijinta yana zaune a bayan direba. Kin san yadda ake ɓoye irin wannan ciki har sai ya fito da kansa. Ni na ji labarin abin da ya faru tun da wuri, na yi shiru ina fatan maganar miya za ta danne ta Hanne. Ba ta danne ba. A wani gidan suna Hanne ta ji, a gaban mata, wata ta ce mata, "Allah ya raba lafiya, mun ji a rediyon Ladi." Damina guda ba ta amsa gaisuwata. Allah ya taimake ni cikin ya zauna, shi ne Sanin da zai ɗauke ki a babur zuwa tasha. Da ya zube, da har yau ban san da wane ido zan dube ta ba.

Daga baya ta ce mini fitar maganar bai ƙona mata rai kamar shirun da na yi ba. Da na zo na faɗa mata, da ta san yadda za ta shiga mutane. Saboda haka in wata rana kika tura abu inda bai kamata ba, ko wata ma'aikaciya ta ce wayarta ta ɓata da muryoyi a ciki, kada ki kwana da shi. Ki faɗa wa na gaba da ke a take, a rufe abin da za a iya rufewa. Kuma ki zama irin shugabar da za a iya kira a ce mata an yi ɓarna. In kina da zafi, za su ɓoye miki kamar yadda na ɓoye wa Hanne.

Kin san abin da ta ce ranar da na je roƙonta ta yi magana da ku? Ta ajiye taɓarya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke Ladi? Ke ce yau za ki zo mini da zancen rikoda? Wace motar za a saka ni wannan karon?" Na ce, "Ba mota, Ummi ce." Ta ce, "In Ummi ce na yarda. Amma ke ki fita tsakar gida, kuma ki yi nisa da taga." Na fita ina dariya. Ban san abin da ta faɗa muku ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga idonta ya yi ja da ta fito.

Wani abin kuma, wataƙila an riga an koya muku a wajen horon, amma bari in faɗa. A birni in an cire suna an ɓoye mutum. A nan murya ita ce suna. Ko tari mace ta yi a bayan katanga, an san 'yar gidan wa ce. Kada ki ba ma'aikaciyar Rogo muryoyin matan Falgore, ko da ta fi kowa riƙon amana. Za ta gane gwaggonta, za ta gane matar ƙanin mijinta, kin ɗora mata kayan da ba ta nema ba. Ki ba ta na nesa, ki kai na Falgore Katsina. Kuma kowa ki ɗiba masa daidai aikinsa. Wanda aka aika ya ɗebo tiya guda ba a sakar masa bakin rumbu.

Ki tuna kuma ba ki ga ɗakin da kayan ke sauka ba. Ke kina ofis mai ƙofa da mai gadi, ita tana tsakar gida, ga tukunya a wuta, ga maƙwabciya ta shigo aron rariya ta zauna. In ta saki murya a fili, zana ba ta tare magana. Ki tambaye su da daɗin baki, ba da tuhuma ba: da abin kunne kike saurare? Wa ke taɓa wayar bayan ke? Yara na kallo a cikinta? Maigida ya san lambar buɗe ta? In wuta ta ɗauke, ina ake kai ta caji? Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna. Kin ga rumfar caji a kasuwar Rogo, wayoyi jere a kan allo kamar ƙosai a faranti, masu su sun tafi cefane. A nan ake turin fina-finai da waƙoƙi, a zare mimori a mayar. Ban ce masu cajin ɓarayi ba ne, 'ya'yanmu ne masu neman halak. Sale ma ba mugu ba ne. Lada ya nema.

Akwai kuma wanda shi da niyya yake zuwa. Wannan kin san shi, don ke kika share mini hawaye. Ana cikin zaman makoki wani ya kira wayata, murya a sanyaye, ya yi mini ta'aziyya da kyau, har ya ce Mai Miya. Ya ce abokan noman Malam sun shirya masa saukar Alƙur'ani, za a sa ni a guruf in riƙa ji, wata lamba za ta shigo, in karanta masa da sauri don an kusa farawa. Na karanta. Kafin la'asar wani ƙato ya ƙwace mini manhajar saƙonni, yana gaisawa da dangi da sunana. Aka kai wayar wurin mai gyara a Karaye, ya goge komai ya sake sakawa, saƙonnin muryar da Babanku ya riƙa turo mini daga gadon asibiti suka tafi. Ban tuna miki don ki yi kuka ba. Na riga na yi wanda ya ishe mu mu biyu. Ina so ki gane ɓarawon yanzu da sallama yake shigowa, ya san sunan gida, ya san ranar da hankalinki ba ya jikinki. In saƙo ya zo da sunan shugabarki ko na wata ma'aikaciya, wai ta sauya lamba, a turo mata fayil ko kalmar sirri yanzu yanzu, ki ajiye. Ki kira tsohuwar lambar da kika sani, ki ji muryarta. Mai gaskiya ba ya fushi don an tabbatar. Duk wanda ya ce miki babu lokacin tambaya, shi ne ya kamata a tambaya.

Sai maganar kwano. Tun kina ƙarama kin ga in na kai wa Hanne tuwo, a rufe yake tafiya, kuma kwanon yana dawowa a wanke. Ba rowa ba ce, haka zumunci ke daɗewa. In ma'aikaciya ta gama rubuta nata, ta goge muryar daga wayarta, ki tabbatar ta goge. In ta bar aikin, ko da lafiya kuka rabu, ko da ƙawarki ce, a rufe mata hanyar shiga a sauya makulli tun ranar. Na san ki da kunya, irin ta Babanku. Za ki ce kada ta ga kamar kin zarge ta. Ki ce mata dokar aiki ce, ke ma haka za a yi miki. Waya tana daɗewa fiye da aiki: a sayar da ita, a ba ƙani, a ba miji, abin da ke ciki yana nan.

Na cika ki da surutu. Hanne ta leƙo yanzu ta ce wai littafi nake rubutawa ne, in ce miki ki sayo mata man zafi mai hoton damisa in za ki zo, kuma kada ki auri ɗan birni mai siririn wando.

Saura abu ɗaya. Ranar da kika je Karaye ɗaukar hoton katin aiki, Malama Bilki ta biyo ta gidan. Na ga bai dace in tura matan mutane su buɗe cikinsu ni in rufe nawa ba. Na shimfiɗa mata tabarma na ce ta kunna. Na faɗi haihuwarki, da ta yayyenki biyu da ba su zauna ba, da abin da Babanku ya yi a ranakun nan wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Da ta danna abin ta miƙo mini, ban san lokacin da bakina ya ce, "Malam, kana ji na?" ba. Wannan karon ba wanda ya amsa. Bilki ta sunkuyar da kai, ni kuma sai dariya ta kama ni, na ce mata ta bar shi a ciki, kada ta goge.

Saboda haka tawa ma tana cikin jakarki, da lamba a kanta kamar ta kowa. In kin ci karo da ita za ki gane tarin. Kada ki saurara, ba rabonki ba ne. Abin da nake so ki ji daga ciki, zan faɗa miki da bakina a kan tabarmar nan in kin zo da Salla. Ki kulle ta, ki aika wa wata baiwar Allah a can nesa wadda ba ta san Ladi ba, ba ta san Mai Miya ba, ki kira ta ki ba ta makullin. Yadda kika yi wa tawa, haka za ki yi wa ta Hanne da ta kowace mace da ta yarda da maganata.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare hannunki daga kuskure, ya tsare bakinki, ya rufa miki asiri kamar yadda za ki rufa na mutane. Ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo mini da ke lafiya. Ya jiƙan Babanku, ya haskaka makwancinsa. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci yajin a hankali don ya kai ki wata.

Ni dai an saka ni a mota sau ɗaya, ya ishe ni.

Wassalam,
mahaifiyarki,
Ladi